Tsakanin Mai Dogon Hanci da Gajeruwa, Wacce Ke Cin Kofi?

Jama'a, ku gyara zama, amma kada kowa ya wahalar da kansa neman matashi, domin duk rigimar da za mu yi yau a kan milimita 21 ce. Bututun fistol ɗin nan da ake kira Glock 17 tsawonsa milimita 114 ne, na ƙanwarta Glock 34 kuma 135. Ku ɗebe wancan daga wannan. Abin da ya rage, santimita biyu da 'yar ɗoriya, shi ya hana maharban gasa na Amurka da Turai rufe baki tun 1998, kuma har gobe ba su gaji ba.

Ga wani can baya ya ɗaga hannu tun ban yi nisa ba. "Malam, mu ina ruwanmu? Wa ya taɓa riƙe fistol a cikinmu?" Gaskiyarka, ranka ya daɗe. A dokar makamai ta Najeriya, fistol na cikin bindigogin da aka haramta wa mutum mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma da irin ɓarnar da bindiga ta yi mana, ba ni ne zan roƙi a sassauta ba. Amma kai ɗin nan da ka ce ba ruwanka, ba kai ne kake tsara wa kocin Arsenal 'yan wasan da zai sa ba, alhali rabonka da taɓa ƙwallo tun kana firamare? In an bar ka da wancan, a bar mu da wannan. Wasa ne na ƙasashen da ke da filayensa da dokokinsa da alƙalansa, kwali ake harbi da farantin ƙarfe. Mu 'yan kallo ne, ɗan kallo kuwa ba a hana shi baki.

Ga wanda bai san kan abin ba, irin wannan fistol hawa biyu ce. A ƙasa akwai gangar jiki, inda mariƙi da kunama da gidan harsashi suke. A sama akwai murfin ƙarfe, bututu na kwance a cikinsa. Duk harbi ɗaya sai murfin ya zame baya da ƙarfi, ya tofar da kwanson da aka harba, sifirin ya dawo da shi gaba, ya kwaso sabon harsashi ya cusa. A doron murfin nan aka dasa abin saiti, tsinke a gaba, tsaga a baya. In ka ji an ce fistol mai dogon murfi, to murfin da bututun aka ƙara wa tsawo, gangar jiki tana nan yadda take. Mu dai mu kira ta mai dogon hanci, tunda kowa ya san yadda ake ji da dogon hanci a wajenmu.

Gasar da aka fi wannan musu a kanta ita ce ta ƙungiyar IPSC, wadda aka kafa a 1976 a garin Kolumbiya na jihar Mizuri, Jeff Cooper ne shugabanta na farko. Ba a tsaye ƙiƙam ake yin ta ba. Agogon alƙali na yin ƙara, maharbi zai zaro bindiga daga kube, ya ruga nan, ya leƙa ta taga can, ya durƙusa, ya bi kwalaye da farantai da harbi, sannan a tara makinsa a raba da daƙiƙoƙin da ya ci. Tsakiyar kwali maki biyar ce. A ce wani ya zuba harsashi 12 duka a tsakiya, maki 60, cikin daƙiƙa 9, ya tashi da 6.67. Wani ya kuskure tsakiya sau biyu, ya samu 56, amma a daƙiƙa 8 ya gama, ya tashi da 7, ya wuce shi ya bar shi da tsabtar aikinsa. Ku riƙe wannan lissafi a aljihu.

To, 'yan fim, ku matso, da ku zan fara. Na san inda kuka samo ra'ayinku. A 1984 Arnold, wanda kuka fi sani da Kwamando, ya shiga shagon bindigogi a fim ɗin Terminator ya zaɓi wata zungureriyar fistol, AMT Hardballer, mai bututu inci 7, da ƙaton abin haska jan haske a samanta. A 2017 kuma kuka ga Keanu Reeves a John Wick na biyu yana ɓarin wuta da Glock 34 da kamfanin Taran Tactical ya yi wa kwalliya. Tun daga nan kuka yanke hukunci: doguwa ta fi kai harsashi inda aka aike shi. Ku yi haƙuri, a fim harsashi umarnin darakta yake bi. A fili kuwa, in aka ɗaure fistol biyu a jikin ƙarfe yadda hannun mutum ba zai taɓa su ba, aka harba, abin da ke sa ramukan su taru wuri ɗaya shi ne yadda bututu ya zauna daram a cikin murfi, yana komawa mazauninsa ɗaya bayan kowane harbi, sai kuma ingancin harsashin. Gajeruwar da aka haɗa da kyau tana iya kunyata doguwar da ke da sako-sako. Ƙarin santimita biyu ba ya koya wa harsashi hanya.

Na ga 'yan ɗaya ɓangaren sun fara tafi. Ku dakata, zan zo kanku.

Amfanin dogon hanci yana nan, sai dai a idon maharbi yake aiki. Ku lura da birkila in zai ja layin gini. Turke biyu yake kafawa ya ɗaura igiya. In turakun na kusa da juna, ya ɗan kauce wajen kafa ɗaya, kafin layin ya kai ƙarshen fili katanga ta shiga filin maƙwabci. In kuwa sun yi nesa da juna, wannan 'yar kaucewar ba za ta kai shi gaban mai unguwa ba. Tsinken gaba da tsagar baya su ne turakun maharbi. A Glock 17 tazarar da ke tsakaninsu kimanin milimita 165 ce, a Glock 34 kuma kimanin 190. Yanzu a ce hannu ya yi rawa, tsinke ya kauce daga tsakiyar tsaga da milimita ɗaya tak. A nisan mita 25, mai gajeruwa harsashinsa zai kauce da wajen santimita 15, mai doguwa da wajen 13. Faɗin tsakiyar kwalin nan mai maki biyar kamar santimita 15 ne. Don haka akwai harbin da doguwa za ta tsinto a bakin layi ta ba ka biyar, gajeruwa ta bar ka da uku. A nisan mita 10 kuwa, kaucewar ta zama milimita 61 da 53. Bambancin bai kai santimita ɗaya ba, kuma yawancin kwalayen wannan gasa a irin wannan kusancin suke, wasu ma kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Shi ya sa mai dogon hanci ta fara samun gindin zama a gasar da ake harbin nesa a natse. A Amurka akwai tsohuwar gasar da ake yi da hannu ɗaya a nisan yadi 25 da yadi 50, wadda babban taronta ya daɗe ana yin sa a Camp Perry ta jihar Ohayo. A can ne maƙera irin su Jim Clark na Luwiziyana suka riƙa yanka murfin fistol ƙirar 1911, mai bututu inci 5, su yi masa ƙari da walda ya koma inci 6. Mutumin da ke tsaye yana neman tsakiyar allo a yadi 50, ba mai korar sa, shi kam kowane milimita riba ne a wajensa.

Yauwa, sarakunan musu, masu cewa tsawo ba ya ƙara komai, duk talla ce ta 'yan kasuwa, ga tambayarku. In ba ya ƙara komai, me ya sa masu dokar wasa suke bin sa da ma'auni? Hukumar ISSF mai kula da harbin Olamfik ta ƙayyade cewa a gasar fistol ta mita 25, tazarar tsinke da tsaga kada ta wuce milimita 220, bututu kada ya wuce 153. IPSC kuma akwati gare ta na gwaji a rukunin Standard, tsawonsa milimita 225, tsayinsa 150, kaurinsa 45. Bindigarka ta shiga, ka yi wasa a rukunin. Ta ƙi shiga, ka nemi wani. Kun taɓa ganin an kafa shinge a inda ba mai son wucewa?

Wannan akwati ma shi ne uban Glock 34. A 1988 kamfanin Glock na ƙasar Ostiriya ya fito da Glock 17L, mai bututu milimita 153, doguwa sambal, don 'yan gasa. Da dokar akwati ta zo, sai ga ta hanci a waje. Shekara goma bayan fitowarta aka rage tsawon daidai yadda zai shige, aka sa mata lamba 34, aka yi mata 'yar'uwa mai harsashi mafi kauri, Glock 35. Ke nan milimita 135 ɗin nan da wasunku ke rantsuwa da shi, kamar wani masani ne ya shekara yana bincike ya gano shi ne tsawon da ya fi kowane dacewa, ba haka aka yi ba. Tsawon akwati aka auna aka yanka mata.

Abin dariyar bai ƙare ba. A rukunin Production na IPSC, inda ake wasa da bindiga kusan yadda ta fito daga masana'anta, bututu ba ya wuce milimita 127. Glock 34 ta haura da milimita 8, an rufe mata ƙofa. Amma a Amurka, ƙungiyar USPSA ta yarda da ita a nata rukunin mai wannan suna, haka ma ƙungiyar IDPA da aka kafa a 1996. Bindiga ɗaya, halas a wannan fili, haram a wancan. Wanda duk ya ce maka ga wadda ta fi, bai tambaye ka a wace ƙungiya za ka yi wasa ba, to shayi kawai yake so ka saya masa.

Na san abin da ke cin ku. Tun ɗazu wani ke ta motsa baki yana son ya ambaci Baturken nan. Ambace shi mana: Yusuf Dikeç, wanda ya tsaya a gasar Olamfik ta Faris a 2024, hannu ɗaya a aljihu, ba wani tarkacen gilashin gasa a fuska, ya ɗauki azurfa shi da abokiyar wasansa, hotonsa ya zaga wayoyin duniya. Kuna so ku ce ga shaida, kayan aiki ba komai ba ne, gwaninta ce kawai. To ku sake buɗe hoton, ku bar kallon aljihun, ku kalli hannun da ke sama. Bindigar iska ce ta gasa, irin wadda akwatin gwajinta ya kai milimita 420, kusan ninki biyu na akwatin IPSC. Dattijon ya yar da gilashin gasa, amma bai yar da tsawo ba.

Akwai wata riba ta biyu da doguwa ke da ita, wadda 'yan kallo ba su cika sani ba. A wannan gasa ba a yarda ka zo da harsashi mai sanyi don ka guje wa shurin bindiga ba. Ana ninka nauyin harsashi, a ma'aunin giren, da yawan ƙafar da yake gudu a daƙiƙa, a raba da 1,000, kuma dole sakamakon ya kai 125. Harsashi mai giren 124, wato wajen giram 8, sai ya wuce ƙafa 1,008 a daƙiƙa kafin ya tsallake. A manyan gasanni alƙalai kan karɓi harsasanka, su harba su da bindigarka ta gaban na'urar auna gudu. In ka gaza, ka ci gaba da harbi in kana so, amma makinka ba zai shiga lissafi ba, kuɗin jirgi da na masauki sun tafi a banza. A dogon bututu, iskar albarushi tana samun ƙarin lokacin tura harsashi, sai ya fita da ɗan ƙarin gudu. Mai doguwa yana zuwa gaban na'ura da kwanciyar hankali, kuma masu ɗura harsashinsu da kansu suna iya rage albarushi kaɗan su samu sauƙin shuri. Riba ce ta gaske. Ƙarama ce, amma a wasan da ake raba maki da daƙiƙa ba a raina ƙarami.

Maganar shuri kuwa, nan ne kowa ke zama malami. Mai doguwa zai ce nauyin da ke gaba yana danne hancin, ba ya ɗagawa sosai. Mai gajeruwa zai ce a'a, dogon murfi in ya dawo gaba sai ya dungurar da hancin ƙasa, nasa kuwa tsaf yake komawa. Ku tambaye su nawa ne bambancin nauyin, ku ga an fara kallon sama. Bai kai giram 50 ba, a bindigar da nauyinta ke wajen giram 700. Da gangan kamfanin ya yi haka: a tsofaffin samfuran 34 har taga aka fasa a saman murfin don a rage masa nauyi ya yi kusa da na 17, sifirinsu ma iri ɗaya ne. Ban ce ba wanda hannunsa ke jin bambancin ba. Na ce dai a cikin masu rantsuwa suna ji, da za a rufe musu ido a miƙa musu ɗaya, da an sha kallo. Haka zancen zarowa daga kube, wai doguwa tana ɓata lokaci. Santimita biyu ne, Alhaji. In santimita biyu ne ya hana ka kofi, ka duba ƙafafunka, can lokacin yake zubewa, tsakanin wannan kwali da wancan.

Ga kuma wani sirri da masu yabon 34 ba sa son a tono. Da ta fito, ba hanci kaɗai aka ƙara mata ba. An sassauta mata kunama, daga wajen kilo biyu da rabi zuwa wajen kilo biyu, an ƙara girman maɓallin sakin gidan harsashi, an sa mata tsagar baya da ake iya juyawa. Mutum ya ɗauka ya harba, ya ga ramukansa sun taru, ya fito yana yi wa hanci kirari, alhali kunama ce ta yi aikin. A harbin fistol, yatsan da ke jan kunama ya fi komai kautar da harsashi, kuma duk wanda ya koyar da harbi zai gaya maka haka.

Bari mu je ga waɗanda suka ci kofin, tunda su ba da baki suka ci ba. Dave Sevigny na Amurka ya zama zakaran duniya a rukunin Production a 2002 a Afirka ta Kudu. Bob Vogel, shi ma Ba'amurke, ya ci a 2011 a tsibirin Rodos na ƙasar Girka. Dukansu da gajeruwa suka ci, Glock 17. Kafin 'yan gajeruwa su fara guɗa, su sani mutanen nan biyu a gida Amurka sun tara kofuna da Glock 34. Inda doka ta bar su suka ɗauki doguwa, inda ta hana suka ɗauki gajeruwa, kuma a duka wuraren su ne a gaba. Wannan ya isa ya sanyaya wa kowane ɓangare gwiwa: da doguwa ba ta da amfani, da ba su ɗauke ta ba in an ba su zaɓi, da kuma ita ce sirrin, da sun faɗi ranar da aka karɓe ta.

Sauran shekarun kuma wa ya kwashe? Adam Tyc na ƙasar Cek ya ci a 2005 da 2008 da fistol ƙirar CZ. Eric Grauffel na Faransa ya ci a 2014, Ben Stoeger na Amurka a 2017, su biyun da Tanfoglio ta Italiya. Ba ɗaya a cikin waɗannan bindigogi da bututunta ya wuce milimita 127, amma duka gangar jikinsu ƙarfe ce, ba roba irin ta Glock ba. CZ Shadow 2 da ta fito a 2016 ta cika filayen gasa, nauyinta ya haura kilo 1.3, kusan biyun Glock 17. Nauyin nan a ƙasa yake, a hannu, ba ya kai da kawowa da murfi, shi ke shanye shuri. Muna nan muna ta auna hanci, ashe ƙiba ce ke tashe.

Sai kuma jan ɗigo ya zo ya watsa taron. Ɗan ƙaramin gilashi ne da ake ɗaurawa a saman murfi, ɗigon haske ja a tsakiyarsa. Inda ɗigon ya sauka, nan harsashi zai je. Tun a 1990 Doug Koenig ya ci gasar duniya a Adeled ta Ostireliya da irin wannan saiti, a lokacin yana da girma, a kan gangar jiki ake kafa shi. Yanzu ya ƙanƙance, ya samu rukunansa na kansa a USPSA da IPSC, kuma nan jama'a suka fi tururuwa a Amurka. Mai jan ɗigo ba ya daidaita tsinke da tsaga. Duk lissafin nan na santimita 15 da 13 da na wahalar da ku da shi, a wajensa ya tashi aiki. Abin da ya rage wa doguwa a hannunsa shi ne ɗan ƙarin gudun harsashi da 'yan giram a gaba.

To, in kun matsa sai na faɗi inda na tsaya, ga shi. Mai harbi da tsinke da tsaga, a ƙungiyar da ta yarda da ita, musamman in filinsu na yawan sa farantai a nesa, ya ɗauki mai dogon hanci, ribar kaɗan ce amma tasa ce, ba dalilin barin ta. Mai wasa a Production na IPSC ba shi da abin zaɓa, doka ta riga ta zaɓa masa. Mai jan ɗigo ya ɗauki wadda ta zauna masa a hannu. Wanda kuma yake da gajeruwa a gida, yana shirin sayar da ita ya cika kuɗi ya sayi doguwa don makinsa ya tashi, ya bar ta inda take, ya sayi harsashi da kuɗin ya je fili, domin daƙiƙa ɗayan nan da ta raba 6.67 da 7 ba a kanti ake sayar da ita ba.

Wanda bai gamsu ba, ƙofa a buɗe take. Ya ɗauko biro da takarda, ya sake lissafin tazarar nan da kansa, ya kawo mu duba tare. Sharaɗi ɗaya ne, ranka ya daɗe: ka zo da lamba, kada ka zo mini da Kwamando.